Idan za a buɗe shagon parifut a layinku, ga ta inda ake bi

Mu dai a layinmu nan Garwa ba wanda ya san za a kawo mana shagon caca sai da muka wayi gari muka ga mai fenti a kan tsani yana shafe tsohon shagon tela, da yamma aka sauke talabijin uku a kwali da bencina, kafin sati ya zagayo yara sun fara cewa parifut ya zo unguwa. Koda muka farga an riga an biya haya. Watanni muka yi muna fama, mun yi kuskure da yawa wallahi, shi yasa nace bari in rubuta wa na Marwa da Ngaundere da Kuseri da duk wanda abin ke tunkarowa, kada su sha wahalar da muka sha.

Abu na farko da zaka sa a ranka, ko ka so ko ka ƙi, caca ba laifi bace a dokar Kamaru. Akwai doka mai lamba 2015/012 ta 16 ga Yuli 2015 da ta tsara wasannin kuɗi da na sa'a, akwai dikirin firaminista na 2019 da ya fayyace yadda ake aiki da ita, kuma ma'aikatar mulkin cikin gida wato MINAT ita ke kula da harkar. Tun shekarun 1990 ma kiyos ɗin kamfanin caca na PMUC ke bakin titi ana yankar tikitin sukuwar dawakin Faransa. Nan ba Kano bace da Hisbah ta bi shagunan caca ta rufe a 2024, mu gwamnatinmu bata bin addini. To kaga idan ka shiga ofishin sufurefe, wato wakilin gwamnati a yankinku, kana cewa caca haramun ce, zai saurare ka da mutunci, ƙila ma shi da kansa ya yarda da kai, amma babu abin da zai iya sa wa hannu a kai. Maganar haram tana da wajen kai ta, maganar doka tana da nata wajen, mu kuma da farko sai muka juya su, muka kai wa'azi ofis muka kai barazanar doka gidan Alhaji mai shagon, duk biyun suka watse.

Mai shagon haya shi ne ƙofar gaskiya. Kamfanin caca baya gina shago, haya yake kamawa, sau da yawa ma ba kamfanin bane kai tsaye, wani ne ya karɓi wakilci yana cin kamasho. Saboda haka duk shagon da ya zama fanko a layinku, musamman na bakin titi ko kusa da inda masu kalando, wato babur ɗin haya, ke tsayawa, ku tambayi waye ke nemansa tun kafin a sa hannu a kwantiragi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kuma don Allah kada ku tura samari masu zafin kai wajen mai gida, ku nemi wanda yake jin nauyinsa, limamin masallacin da yake sallah, ko abokin mahaifinsa, ko surukinsa idan ana shiri, mutum biyu ko uku sun isa, a je masa gida bayan isha'i ba a kasuwa gaban yaransa ba. A nan ne ake karanta masa ayar Ma'ida ta 90 da ta 91, inda Allah ya haɗa giya da caca ya ce aikin shaiɗan ne mai sa gaba da ƙiyayya, a tuna masa cewa jikokinsa ma ta wannan ƙofar suke wucewa zuwa lekol. Dattijon da muka tura cewa ya yi, Alhaji ba mun zo hana ka cin dukiyarka bane, mun zo ne kada sunan gidan nan ya koma gidan caca bayan ranka. Wannan kalmar ta fi duk takardun da muka rubuta aiki a kansa.

Amma fa kada ku je hannu rabbana. Masu caca suna biyan haya fiye da tela ko mai sayar da hatsi, suna biyan watanni da yawa a dunƙule, wani mai gidan kuma ba mugu bane, magada ne suka yi masa yawa ko gwauruwa ce da marayu da shagon nan kaɗai take ci. Idan kun ce ya kori mai kuɗi to ku zo masa da wani ɗan haya a hannu, mai kemis ko mai cajin waya ko ɗinki, idan da gibi a tsakani ku ga ko 'yan unguwa zasu iya cike na wata biyu uku. Idan mai gidan yana Duwala ko Yawunde wani ɗansa ne ke karɓar haya, ku nemi lambar uban ku kira shi, sau da yawa bai ma san wa aka ba shagon ba. Abu ɗaya da zan roƙi malamai, kada a kama sunan mutum ko a yi masa habaici a huɗuba, daga ranar ya zama abokin gaba, zai bar shagon nan ko don kada a ce an tanƙwara shi.

To idan an riga an buɗe fa? Sai a koma littafi da biro. Ku sa mutum biyu masu zama a layin, mai shayi da mai faci sun fi kowa gani, su riƙa rubuta rana da lokaci: yau ƙarfe goma na safe yara kaza da tufafin lise, wato sakandare, a ciki, jiya an yi faɗa har da kwalba, shekaranjiya ba a kashe sifika ba sai ƙarfe ɗaya na dare. Ku auna tazarar shagon da ƙofar makaranta da masallaci da coci da asibiti, ko da taku ne, ku rubuta. Doka ta hana yara ƙanana shiga caca, wannan shi ne makaminku mafi kaifi, domin kusan duk shagon da zaka leƙa zaka tarar da yaron da bai fara aske gemu ba riƙe da tike. Ku je wajen sirbeyan ɗin lise, mai kula da ladabin ɗalibai, da shugaban ƙungiyar iyayen yara ta APEE, su sun san waɗanda ke tsallake katanga, idan suka yarda suka sa hannu takardarku ta yi nauyi. Kada wani ya ɗauki hoton fuskar yaran mutane ya watsa a WhatsApp, mu wani ya yi mana haka, uban yaron da ya kamata ya zama namu ya koma yana neman wanda ya ɗauka.

Mata kuma kada a bar su a baya kamar yadda muka saba, su ne suka fara sanin kuɗin cefane ya ragu, su ne aka ɗauke wa kuɗin adashi a ƙarƙashin katifa, uwar adashi ɗaya zata kawo muku sa hannu fiye da wanda zaku tara a majalisar maza sati guda. Haka maƙwabtanmu Kirista, ku je wajen fasto ko fada, abin yana cin yaransu kamar yadda yake cin namu, kuma takardar da aka ga sunan Musulmi da Kirista, Bahaushe da Bafulatani da Bafali da Batufuri a kanta ba mai iya cewa rigimar addini ce ko ta ƙabila.

Daga nan sai jauro, wato mai unguwa. Kada ku tsallake shi ku ce ai bashi da ƙarfi, dikirin 1977 da ya tsara sarautun gargajiya ya mai da su mataimakan hukuma, kuma tambayar farko da za a yi muku a ofis ita ce shin mai unguwarku ya sani? Ku je da goronku ku ce ranka ya daɗe ga abin da ke damun talakawanka, shi zai san ko a tsaya wajen lawan ko maganar ta kai fadar lamiɗo.

Takardar kanta da Faransanci za a rubuta, a sami malamin makaranta ko tsohon ma'aikaci da ya san salon ofis, shafi ɗaya ya isa, zuwa ga sufurefen yankinku, mu nan Garwa uku ne, na ɗaya da na biyu da na uku, ku tabbatar wanne ne naku. A faɗi inda shagon yake, a jera abin da littafin nan ya tara da ranakunsa, sannan a roƙi abin da mutumin zai iya yi: a turo a duba ko shagon yana da izinin da doka ta ce, a hana yara shiga, a sa masa lokacin rufewa, idan babu takardu a rufe shi. A manna tambur, kowa ya sa suna da lambar katin ɗan ƙasa da sa hannu ko dangwale, banda sunan bogi banda sa wa wani hannu, suna ɗaya na ƙarya ya isa a yar da duka. Ku yi kwafi, ɗaya ku ajiye a sashen kuriye mai karɓar wasiƙu, ɗaya a buga muku hatimi da kwanan wata ku dawo da ita, wannan desharj ɗin ku riƙe ta kamar takardar fili domin ranar da aka ce ba a ga wasiƙarku ba ita zata yi magana. A kai kwafi wajen perefe, na gaba da sufurefe, da meri wato ofishin magajin gari, da kwamisariyar 'yan sanda. Idan kiyos ne aka dasa a gefen titi to meri ce ke ba da izinin zama a kan hanya, can ma a tambaya.

Maganar taro. Dokar 90/055 ta 19 ga Disamba 1990 ta ce taron jama'a sai an sanar da hukuma kwana uku kafin ranar, zanga-zanga a titi kuma kwana bakwai, ga yadda tsaro yake a arewa tun fitinar Boko Haram, taro ba sanarwa jandarma ne zasu amsa muku ba sufurefe ba. Ni shawarata ku manta da zanga-zanga kwata-kwata. Kada a fasa gilashi, kada a sa wa shagon kwaɗo da dare, kada a taɓa yaron ko yarinyar da ke karɓar kuɗi a shagon, ɗan unguwa ne shi ma albashi yake nema, ranar da dutse ɗaya ya tashi mai cacar ya zama wanda aka zalunta ku kuma kuna birgad kuna neman beli.

Sai haƙurin sintiri. Duk sati biyu mutum biyu su koma ofis da desharj a hannu cikin ladabi, ba mutum ɗaya kullum ba kada a ce fitinar mutum ɗaya ce. Ana iya rufe shago yau bayan kwana kaɗan ka ga an buɗe, sai a sake rubutawa a ambaci ta farko. Ko a Ingila da kansilolinsu ke da baki shekaru suka yi suna kuka da shagunan caca a manyan titunansu kafin a watan Afrilun 2019 a rage abin da ake iya zubawa a na'urorin cikin shagon daga fam 100 zuwa fam 2 a juyi ɗaya, shagunan ma ba a kore su ba.

Namu dai da wa'adin hayar ya cika Alhaji bai sabunta ba, suka kwashe talabijin ɗinsu suka koma can wajen tasha. Mun yi murna kwana biyu sannan muka lura yaran suna nan zaune a dakalin da kansu a sunkuye, cacar ta koma cikin waya, Orange Money ko MoMo ka tura dala ashirin ka haɗa tike ba wanda ya gan ka. Wannan ba sufurefen da zai rufe shi. Abin da na ga yana ɗan shiga kansu lissafi ne ba faɗa ba. Nakan ce musu a wasan da dole ɗaya ya ci kuma ƙarfi ɗaya ne, kamfani zai ba kowane ɓangare kot 1.90 ba 2 ba, wato in ka ci a ninka kuɗinka sau 1.90, kai ka sa jaka ɗaya nan abokinka ya sa jaka ɗaya can, an karɓi 2000 an biya 1900, ko wa ya ci kamfani ya ajiye 100. Kombinen wasa goma kuma, wato haɗa wasa goma a tike ɗaya, da suke mafarkin sayen babur da shi, ko da kowane wasa rabi da rabi ne, sau 1 ne cikin 1024 zai fito duka. Wani sai ya yi dariya ya ce Baba ai ni na san ƙwallo, sai in ce to kawo tikitocinka na wata ɗaya mu tara, har yau ba wanda ya kawo.

Wani abin kuma da bamu gane ba sai daga baya, rabin yaran nan ba caca ce ta fara kai su shagon ba, inuwa ce da fanka da kallon ƙwallo kyauta, wanda ya san zafin Garwa na watan Maris da Afrilu ya san abin da nake faɗi, ga garin Coton Sport ne, tun da aka buga kofin Afirka a Rumde Ajiya a farkon 2022 ƙwallo ta ƙara shiga jinin kowa. Sai muka yi karo-karo muka sayi dikoda da talabijin ɗaya da fanka biyu, wani maƙwabci ya ba da zaurensa, sharaɗi uku ne kawai, ba tike, ba ƙaramin yaro bayan ƙarfe tara, in an kira sallah a rage murya. Kuɗin wata-wata har yanzu da kyar muke haɗawa, in an ɗauke wuta kuma kowa ya watse, yanzu batir da sola muke tara wa kuɗi, rimot ɗin kuma mun damƙa wa mai shayi saboda 'yan Real da 'yan Barsa sun kusa fasa mana talabijin ɗin ranar Asabar.