Babi na Bakwai: Zaɓar Kyamarar Tsaro da Kafa Ta a Gida

Darasi na 1: Sanin kaya kafin a je kasuwa

Ku karanta a hankali, ba tsere muke yi ba. Wanda layi ya shige masa duhu ya tsaya ya sake karantawa, ko ya ɗaga hannu.

Kyamarar tsaro ta gida iri uku ce. Akwai mai waya, wadda ake jonawa da akwatin naɗar hoto. A jikin kwalin akwatin za ku ga manyan haruffa uku: DVR. Akwai mai aiki da wayar intanet, nata akwatin an rubuta masa NVR, kuma tsawon wayarta ba ya wuce mita 100. Ta uku ita ce marar waya, mai ajiye hoto a memori irin na wayar hannu, wasu har da farantin sola da wurin sa layi. Ta farkon za mu koya a wannan babi, domin ta fi sauƙin kuɗi, kuma duk mai shagon kayan lantarki ya san ta.

Gida madaidaici kyamara huɗu ta ishe shi. Abin da za ku saya ke nan: kyamara 4, akwatin DVR mai ƙofa 4 (wato wurin jona kyamara huɗu), faifan ajiya wanda masu shago ke ce wa had-dis, waya mai biyu a haɗe (ɗaya ta hoto, ɗaya ta wuta), kawunan jonawa masu suna BNC guda 8, kawunan wuta guda 4, adafta mai ba da bolt 12 da amfiya 5, da ƙananan akwatunan roba 4 na ɓoye mahaɗa. Ku kwafe wannan a takarda ku tafi da ita. Ku lura da kyau: sau da yawa ana sayar da akwatin DVR babu faifan ajiya a cikinsa. Ku tambayi mai shago ƙarara: "Malam, akwai had-dis a ciki, ko daban zan saya?" Ba abin kunya ba ne.

A jikin kwalin kyamara ku nemi lambobi uku. Na farko 2MP, wato kaifin hoto. Kada ku sayi wadda ta gaza haka. 4MP ko 5MP sun fi kaifi amma sun fi cika faifai da wuri. Na biyu IP66 ko IP67, alamar tana jure ƙura da ruwan sama. Duk wadda za a kafa a waje dole ta kasance da wannan. Na uku lambar ido: 2.8mm tana gani da faɗi, ta dace da tsakar gida, amma fuskar mutumin da ke nesa takan yi ƙanƙanta. Mai 6mm ba ta da faɗi sosai, sai dai tana jawo nesa kusa, ita ce ta dace da kallon get daga jikin gini.

Wayar ma a duba ta. Ku kankare bakin zaren da ke tsakiya da reza. Idan ya ci gaba da zama ja, jan ƙarfe ne na gaske. Idan fari ya fito daga ƙasa, alminiyam ne ko baƙin ƙarfe aka shafa wa jan ƙarfe, kuma yakan rage wuta idan tafiya ta yi nisa.

Darasi na 2: Gwaji a kan tabarma, da faifan ajiya

Kada kowa ya hau tsani tukuna. A ƙasa za a haɗa komai, a tabbatar yana aiki.

A cire akwatin DVR daga wuta. A kwance ƙusoshin murfinsa. A ciki za ku ga wayoyi biyu da ke jiran faifan ajiya, siririya ta ɗaukar hoto da mai ɗan faɗi ta wuta. Dukansu biyu ake sokawa, ba ɗaya ba. Kowaccensu ta fuska ɗaya take shiga. Idan ta ƙi, a juya ta, kada a danna da ƙarfi. A ɗaure faifan da ƙusoshinsa huɗu, a rufe. A jona akwatin da talabijin ta wayar HDMI, a soka linzamin da ya zo cikin kwali (wato maus irin na kwamfuta), a jona kyamara ɗaya, sannan a ba da wuta.

Akwatin zai nemi ku sa kalmar sirri. Ku haɗa haruffa da lambobi, aƙalla takwas, ku rubuta a littafi ku adana. Ban da 12345, ban da lambar wayarku. Sai kwanan wata da agogo: ku daidaita da na wayar hannunku.

Yanzu hoto zai fito a allo, za ku ga kanku kuna zaune. To, a nan ne yawancin masu koyo ke cewa aiki ya kammala, kuma a nan ne suke faɗuwa. Ganin hoto a allo daban, naɗar hoto daban. Akwatin da ba ya naɗa tamkar maigadi ne da ke ganin kowa amma in gari ya waye bai tuna kome ba.

Sabon faifai sai an shirya shi kafin ya karɓi hoto. Ku danna ɓangaren dama na linzami, ku shiga inda aka rubuta Menu, ku nemi haruffan HDD. Za ku ga layi ɗaya mai nuna girman faifan. Ku zaɓe shi, ku danna kalmar Init, a wasu akwatunan Format aka rubuta. Ku jira har ya gama. Sau ɗaya ake yin wannan, ranar farko kawai, domin yana goge duk abin da ke cikin faifan. Idan kun shiga HDD kun ga babu layi ko ɗaya, ko akwatin yana ta ƙara ƙit-ƙit, to mai yiwuwa ɗaya daga wayoyi biyun nan ba ta zauna ba. A kashe wuta, a buɗe, a sake sokawa.

Sai gwajin da ya fi kome muhimmanci a wannan babi. Ku tashi ku wuce ta gaban kyamara, ku ɗaga mata hannu. Ku duba agogo. Ku jira minti biyar. Ku koma Menu, ku nemi kalmar Playback, ma'anarta maido da abin da ya wuce. Ku zaɓi kyamara ta ɗaya, ku zaɓi ranar yau, ku ja linzami zuwa lokacin da kuka ɗaga hannu. Kun ga kanku? Madalla, akwatinku yana naɗa. Ba ku gani ba? Ba ya naɗa, ko da hoton da ke allo ya fi na sinima kyau.

Mu maimaita tare, da baki: wuce, jira, Playback, duba. Sake faɗa. Ku rubuta kalmar Playback sau biyar a littafinku har idonku ya saba da siffarta, harafi takwas ne kawai. Wanda bai samu ba a karon farko kada ya karaya, hannu ne bai saba da linzami ba, gobe zai saba.

A yi wa sauran kyamarori uku haka, ɗaya bayan ɗaya: wuce, jira, Playback, duba.

Faifai mai 1TB kwana nawa yake ɗauka? Kyamara mai 2MP takan ci kimanin 20GB a yini da dare. Huɗu sun ci 80GB. To 1TB, wato 1000GB, zai ɗauki kwana 12 ko kusa da haka, daga nan sabon hoto ya fara hawa kan mafi tsufa. Idan wani abu ya faru, a kwafe hoton a filas da wuri, kada a bari sai bayan mako biyu.

Darasi na 3: Wurin kafawa da jan waya

Ku zaga gidan ku tambayi kanku: in baƙo zai shigo ba da izini ba, ta ina zai bi? Yawanci ƙofar zaure ko get, katangar baya, lungun da ke gefen gini, da wurin ajiye mota ko babur ko janareta. Can ne wurin kyamara.

Tsayi daga ƙasa ya zama mita 2 da rabi zuwa 3. In ta yi ƙasa, hannu zai kai gare ta. In ta yi sama da yawa, saman hula kawai za ta riƙa ɗauka, ba fuska ba. Kada idonta ya kalli mafitar rana ko mafaɗarta kai tsaye, ko fitilar tsaro, domin haske zai mayar da mutum baƙar inuwa. Kada kuma a matse ta da farin bango ko bakin kwano. Da dare tana kunna ƙananan fitilunta na gani cikin duhu, bangon zai dawo mata da hasken, hoton ya yi fari fat.

Wata magana kuma ba ta fasaha ba ce. Kyamararku ba ta da hurumi a tsakar gidan maƙwabci, inda iyalinsa suke. Idan ta hango can, a sunkuyar da ita. A gidanku ma, ban da ɗakin kwana, ban da wajen banɗaki, kuma a sanar da mutanen gida inda aka kafa.

A manna takardar alama da ke cikin kwali a bango, a huda ramuka uku, a cusa robobin ƙusa, a ɗaure. Mahaɗar waya ta shiga cikin akwatin roba, kada a bar ta a fili da salatif kawai, damina ɗaya za ta yi tsatsa. Kafin waya ta shiga ramin bango, a bar mata ɗan lanƙwasa ƙasa, don ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta zuwa ciki. A sa ta cikin fayif na roba saboda rana da ɓeraye, a kuma nisanta ta da wayar wutar gida da kamar taƙi ɗaya da rabi, in ba haka ba layuka za su riƙa yawo a hoton.

Idan kyamara tana aiki da rana amma da dare ta ɗauke, yawanci ba lalacewa ta yi ba. Fitilun dare ne ke neman ƙarin wuta, doguwar waya siririya kuma ta kasa kai mata cikakken bolt 12. A sa mata adaftarta daban kusa da ita.

An gama kafawa? A koma ɗaki: wuce, jira, Playback, duba. A sake yi bayan sallar isha'i, don a ga hoton dare. Wannan fa an faɗa an sake faɗa, amma har yanzu akwai masu tsallakewa su ce ai sun ga hoto. Haba jama'a! Mutum ya kashe kuɗinsa, ya hau tsani cikin rana, sannan minti biyar na dubawa ya gagare shi? Ranar da aka ɗauke babur ba ranar koyon Playback ba ce.

Darasi na 4: Wuta

In an ɗauke wuta, naɗa ta tsaya. Kyamara huɗu da akwatinsu suna cin kimanin wat 40. Batir mai bolt 12 da 100Ah, idan rabinsa kawai aka sha don ya daɗe, zai riƙe su wajen awa 12 zuwa 15 ta inbata. A sa musu abin kare hawan wuta a soket. Akwatin ya zauna a ɓoye, inda iska ke shiga, ba a falo kusa da talabijin ba, don ɓarawon da ya gan shi da shi zai tafi. Duk lokacin da aka dawo da wuta, a leƙa Playback.

Darasi na 5: Kallo ta wayar hannu

A jona akwatin da na'urar intanet ta gida. A sauke manhajar kamfanin da ya ƙera akwatin a wayar hannu: ta Hikvision ita ce Hik-Connect, ta Dahua kuma DMSS. Da manhajar a ɗauki hoton alamar nan mai murabba'i, wato QR, da ke cikin Menu. Kallon yana cin data. Wanda ya kasa ya nemi wani yaro ya taya shi, amma shi da kansa zai sa kalmar sirri.

Darasi na 6: Kulawa

Lokacin hunturu a goge gilashin kyamara da ƙyalle mai laushi, a share saƙar gizo-gizo. Idan kwanan wata ya koma wata tsohuwar shekara, ƙaramin batirin cikin akwati ne ya mutu, a canja shi. A duba Playback kowace Juma'a.

Aikin gida: zana gidanku, ku sa alama a wurare huɗu.