Darasi: Gubar ƙarfe a ƙasar garka

Inda ake haƙo man fetur, kamar yankin Neja-Delta a kudancin Najeriya, ɗanyen mai yakan malala cikin gonaki ya bar ƙarafa masu guba a ƙasa. A Nijar ana haƙo mai a Agadem, ana tace shi a matatar da aka buɗe kusa da Damagaram a 2011. Maraɗi ba ta da rijiyar mai, amma guba iri ɗaya tana shiga garake ta wata hanya: baƙin man da aka juye daga mota, tsohon batir, tokar taya, da takin bola da ba a tsince ba.

Mafi muni cikin ƙarafan masu guba su ne dalma da kadmiyom. Ba sa ruɓewa, ba su da wari, kuma dafuwa ba ta kashe su. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwar yaro ƙarami da ɗan da ke ciki. A 2010 ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, ta ƙurar dutsen zinariya. Kadmiyom kuwa ƙoda yake ci a hankali.

Ba kowane shuka ke sha daidai ba. Masu ganye, irin su salati da alayyafo, sun fi jan kadmiyom. Dalma ta fi maƙalewa a ƙurar da ke kan ganye da bawon karoti. Tumatir da tattasai sun fi ƙarancin ɗaukar gubar.

Kada a yi fangali kusa da gareji ko inda ake fasa batir, kada kuma a yi ban ruwa daga kwata. Idan mai ya zuba, a kwashe ƙasar har a wuce inda ta yi baƙi, a kai ta nesa da rijiya. Kuskuren da aka saba shi ne a kafce wurin a gauraya, sai gubar ta bazu. A ɗaga fangali da sabuwar ƙasa kamar santimita 30, a zuba takin dabbobi da ya ruɓe sosai, domin yana riƙe ƙarfen ya rage abin da saiwa ke sha.

A gida, a yar da ganyen waje, a wanke sauran sau uku da ruwa mai tsabta, a fere karoti. Wanki yana cire ƙura ne kawai, banda abin da ya shiga cikin ganyen.

Ido ba ya gane gurɓatacciyar ƙasa, sai awo. A ɗebo ƙasa daga wurare 5 a zurfin santimita 20, a gauraya, a sa rabin kilo a leda mai tsabta, a tambayi malamin gona inda za a kai.