Yadda Ake Bin Sawun Barewa Bayan Harbi da Baka

Kibiya daga bakan da aka sassaƙa da hannu ta hanyar zubar jini take kashewa, don haka da wuya barewa ta faɗi nan take.

1. Da ka saki tsirkiya, kada ka motsa. Zuba ido ka ga inda barewar ta shige, ka riƙe wata bishiya ko dutse a matsayin alama.

2. Ba ta aƙalla minti 30. Nan gaggawa ke cin maharba da yawa: in ka taso ta da sauran ƙarfinta, sai ta yi nisa.

3. Je inda take tsaye lokacin harbin, ka nemi kibiyar, ka duba jinin jikinta. Ja mai haske da kumfa, huhu ne, ba za ta yi nisa ba. Ja mai duhu, hanta ce, ƙara mata awa 4. In kuwa kore-kore ne mai wari, tumbi ka samu, sai haƙurin awa 8 zuwa 12. Sai fa in hadari ya taso, don ruwa yana wanke jini.

4. Bi gefen sawun, kada ka taka shi. Duba ganye da ciyawa har tsayin ƙugu, ba ƙasa kaɗai ba.

5. In jini ya ɓace, sa alama a ɗigon ƙarshe, ka zagaya a hankali. Leƙa duhuwa da bakin ruwa.

6. Ka hango ta kwance? Zo ta bayanta da kibiya a ɗane, ka taɓa idonta da doguwar sanda. In ta ƙifta, ƙara mata ɗaya a bayan kafaɗa.