Yadda Ake Rubuta Sharhi Kan Wasan Mawaƙa a Babban Bikin Kiɗa na Lokacin Bazara

Babban bikin kiɗa irin wanda ake yi a fili lokacin bazara yana da wuyar sha'ani ga mai sharhi fiye da wasan da ake yi a zaure mai rufi. A zaure, mawaƙi ɗaya ne da makaɗansa, sun gwada na'urorinsu tun da rana, kuma duk wanda ya shigo dominsa ya sayi tikiti. A bikin fili kuwa, kamar na Glastonbury da ake yi a wata gona a yankin Somerset na Ingila tun 1970, mutane wajen 200,000 ne ke taruwa na tsawon kwana biyar, dandamali da yawa suna aiki a lokaci guda, ga iska, ga rana, ga ruwan sama da kan sauko ba sallama. Saboda haka babban aikinka shi ne ka rarrabe abin da mawaƙin ya yi da kansa da abin da wuri da lokaci da yanayi suka jawo masa, sannan ka gaya wa mai karatu inda ka tsaya da abin da kunnenka ya ji daga wurin.

Aikin yana farawa ne daga ranar da aka fitar da jadawali. Ka zauna da shi tare da taswirar filin, ka zaɓi wasannin da za ka kalla daga farko har ƙarshe, ka kuma yarda tun da wuri cewa za ka rasa wasu da kake so, domin sau da yawa manyan mawaƙa biyu kan hau dandamali daban-daban a sa'a ɗaya. Ka lissafa lokacin tafiya tsakanin dandamali da dandamali, ka ninka shi idan da dare ne, saboda tazarar da za ka yi cikin minti goma da safe tana iya cin rabin sa'a idan jama'a sun cika hanya. A ganina wasanni huɗu ko biyar da aka kalla cikakku a rana sun fi goma sha biyu da aka leƙa aka wuce, domin wanda ya ga waƙa uku kacal bai san yadda mawaƙin ya gina wasansa ba, balle ya san yadda ya rufe shi. Kafin ranar, ka saurari sabon faifan kowane mawaƙi da ka zaɓa da kuma fitattun waƙoƙinsa na baya, ka duba jerin waƙoƙin da ya rera a wasanninsa na kwanan nan, ta yadda idan ya sauya wani abu za ka gane cewa sauyi ne.

Kayan aiki ba su da yawa. Ƙaramin littafi da fensir sun fi waya amfani, saboda fensir yana rubutu a kan takarda mai laima, ita kuwa waya batirinta kan mutu kuma intanet kan tsaya cak idan dubban mutane suka taru a wuri ɗaya. Abin da ba zan yarda ka bari a gida ba shi ne abin toshe kunne irin wanda makaɗa ke sawa, wanda ke rage ƙarfin sauti ba tare da ya dusashe shi ba. Ƙa'idar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ta ce kada matsakaicin ƙarar sauti a irin waɗannan wurare ya wuce desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) 100 a cikin minti 15, kai kuma za ka wuni a gaban lasifika kwana uku ko fiye. Kunnen da ya gaji yakan daina jin siraran sautuka sosai, sai mai sharhi ya rubuta a rana ta uku cewa sauti ya dushe alhali kunnensa ne ya dushe.

Zaɓen wurin tsayawa shi ne abin da ya fi komai tasiri a kan abin da za ka rubuta, kuma shi ne abin da sababbin masu sharhi suka fi yin sakaci da shi. A tsakiyar fili, can gaban dandamali da 'yar tazara, za ka ga wata rumfa da aka kewaye da shinge, inda injiniyan sauti yake zaune da teburinsa. Daga nan yake daidaita murya da ganga da jita da sauran kayan kiɗa, don haka abin da ake ji a kusa da rumfar shi ne mafi kusa da abin da aka yi niyyar a ji. Idan ka matsa gaba har jikin shingen dandamali za ka ga fuskar mawaƙi da gumin goshinsa, amma manyan lasifikokin da ke fitar da sauti mai kauri suna jere ne a nan ƙasa, sai dukan ganga ya danne murya. Idan ka ja baya sosai kuma, wata matsalar ce ke jiranka. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya, wato wanda yake nisan mita 100 zai ga sanda ta sauka a kan ganga a babban allo kafin ƙarar ta iso shi da kusan sulusin daƙiƙa. Wannan ne ya sa ake kafa wasu hasumiyoyin lasifika a tsakiyar jama'a, ana jinkirta sautinsu kaɗan domin ya yi daidai da wanda ke tahowa daga dandamali, kuma wanda ya tsaya a wurin da sautukan biyu ba su haɗu daidai ba zai ji kamar kiɗan yana maimaita kansa. Iska ma tana da nata aikin, domin takan kwashe siraran sautuka ta kai su gefe, sai murya ta riƙa zuwa tana komawa. Duk waɗannan ba laifin mawaƙi ba ne. Idan sauti ya dame ka, ka sauya wuri sau ɗaya ko biyu kafin ka yanke hukunci, idan kuma matsalar ta bi ka ko'ina, sai ka rubuta ta a matsayin matsalar sauti, ka ambaci inda ka tsaya.

Ka kuma yi wa waƙa ta farko da ta biyu uzuri. In ban da manyan da ke rufe dare, yawancin mawaƙan biki ba sa samun damar cikakken gwajin sauti. Tsakanin saukar wani da hawan wani ɗan lokaci ne, sau da yawa bai wuce minti ashirin ko talatin ba, wanda a cikinsa ake kwashe kayan wancan a jera na wannan, a tabbatar kowace waya tana kai sauti, shi ke nan. Injiniya yana gyara ma'aunin ne a lokacin da ake rera waƙar farko. Idan zuwa waƙa ta uku murya ba ta fito ba, to abin ya cancanci shiga sharhi.

Wajen ɗaukar bayani, ka rubuta lokacin da aka fara da lokacin da aka gama, da jerin waƙoƙi yadda suka zo, ko da da kalma ɗaya ko layi ɗaya na amshi ne idan ba ka gane sunan waƙar ba, daga baya ka bincika. Idan mawaƙi ya yi magana tsakanin waƙoƙi, ka rubuta kalmominsa nan take yadda ya faɗe su, domin abin da ka tuna bayan sa'a biyar ba zai zama maganarsa ba, kuma ba daidai ba ne ka sa masa a baki abin da bai faɗa ba. Sauran shafin ka bar shi ga abubuwan da ba za a same su a faifai ba: inda ya sauke murya domin ya kauce wa wani sauti mai tsawo, inda mai ganga ya ƙara sauri har sauran suka bi shi, inda aka kashe kiɗa gaba ɗaya aka bar jama'a suna amshi. Waɗannan su ne naman sharhi, kuma su ne ke fara ɓacewa daga ƙwaƙwalwa idan wani wasan ya biyo baya.

Abin da za ka auna ya bambanta da na wasan zaure. Mawaƙin da aka ba minti arba'in da biyar da tsakar rana yana fuskantar mutanen da yawancinsu ba dominsa suka zo ba, wasu suna cin abinci, wasu suna riƙe wuri ne saboda wanda zai hau da dare, kuma ba shi da taimakon fitilu domin rana ta haske komai. Tambayar da ta dace da shi ita ce ko ya iya jawo waɗanda ba su san shi ba, ko ya zaɓi waƙoƙin da suka dace da ɗan lokacin da yake da shi, ko kuwa ya ɓata sulusinsa a kan dogon surutu. Wanda ke rufe dare kuma yana da sa'a ɗaya da rabi ko fiye, da fitilu, da alluna, da kuɗi mai yawa da aka kashe, don haka babu laifi a tsananta masa ma'auni. Ka lura da ko muryar da kake ji tana fitowa daga bakinsa ne ko daga sautin da aka naɗa tun farko. Amfani da naɗaɗɗen sauti a bayan murya abu ne da ya zama ruwan dare, musamman ga masu rawa da waƙa a lokaci guda, kuma ba aibu ba ne a kan kansa, amma idan ya janye makirufo daga bakinsa babbar muryar ta ci gaba ba canji, mai karatu yana da haƙƙin ya sani. Sai dai kada ka zargi kowa da motsa baki kawai sai ka tabbata da idonka daga kusa.

Karanta jama'a yana buƙatar taka tsantsan fiye da yadda ake zato. A bikin Newport na Amurka a 1965, mawaƙi Bob Dylan, wanda aka saba gani da jita marar lantarki, ya hau dandamali da jita mai lantarki, wasu daga cikin 'yan kallo suka yi masa ihu, kuma har yau waɗanda suka halarta ba su daidaita a kan dalili ba: wasu sun ce sauya salon ne ya fusata mutane, wasu sun ce sautin ne ya lalace har ba a jin kalmomi, wasu kuma sun ce gajartar wasan ce, tunda waƙa uku kawai ya yi da makaɗan kafin ya sauka. Darasin da nake ɗauka daga nan shi ne ka rubuta abin da jama'a suka yi, ka yi hattara da faɗin abin da ke zuciyarsu. Haka kuma yawan mutane ba ma'aunin kyawun wasa ba ne. A bikin Woodstock na Amurka a 1969, jinkiri ya tura makaɗin jita Jimi Hendrix har safiyar Litinin, lokacin da akasarin mahalarta sun riga sun tafi, amma wasan nasa yana cikin waɗanda aka fi tunawa da su daga bikin. Ka juya ka dubi bayanka lokaci zuwa lokaci, domin 'yan sahun gaba masoya ne da za su yi tsalle ko me aka rera, labarin gaskiya yana wurin na tsakiya da na baya, ko suna matsowa ko suna zamewa.

Idan an yanke wasa kafin ya ƙare, ka binciki dalili kafin ka ɗora laifi. Bukukuwa suna aiki ne da lasisin da ya ƙayyade lokacin da dole a kashe sauti saboda mazauna kusa. A Hyde Park da ke Landan a 2012 an kashe wa Bruce Springsteen da Paul McCartney makirufo suna kan dandamali saboda lokacin ya cika, a Glastonbury kuma a 2023 an yanke wasan Lana Del Rey da tsakar dare bayan ta makara wajen hawa da kusan rabin sa'a. Bayanin wanda ya makara da wanda ya kashe sauti da dokar da ta tilasta hakan duk suna cikin aikinka. Idan kuma an tsayar da kiɗa saboda cunkoso, kada ka rubuta shi kamar wani cikas da ya ɓata nishaɗi. A bikin Roskilde na ƙasar Denmak mutum tara ne suka mutu a turmutsitsi a gaban dandamali a shekarar 2000, don haka duk mawaƙin da ya tsaya ya ce a ja da baya a ɗaga wanda ya faɗi ya yi abin da ya kamata, ya cancanci a faɗi haka a fili.

Da ka zauna rubutu, kada ka bi jadawali daga safe zuwa dare kana ba kowa layi uku. Ka fara da lokacin da ya fi tsaya maka a rai, ka ba wasan da ya fi ƙarfi ko ya fi ba da mamaki sarari mai yawa, ka taƙaita waɗanda ba su da abin faɗa. Duk hukuncin da ka yanke ka biyo shi da abin da ka ji ko ka gani. Cewa wasa ya ƙayatar ba ta gaya wa kowa komai, amma idan ka ce mawaƙiyar ta rage kiɗan zuwa fiyano kaɗai a waƙa ta shida har filin ya yi tsit, mai karatu ya samu abin riƙewa. Suka ma haka take, a yi ta a kan aikin, a bar jikin mutum da shekarunsa, kuma a sassauta harshe ga sabon mawaƙin da ya hau ƙaramin dandamali a karon farko fiye da wanda ya shekara ashirin yana cika filaye. Idan rabin wasa ka gani, ka faɗa. Idan masu shirya bikin ne suka ba ka tikiti kyauta ko masauki, ka faɗa a wuri ɗaya a taƙaice.

Wani abu da ke ruɗar masu sharhi a yanzu shi ne hoton bidiyon da gidajen talabijin ke watsawa kai tsaye daga manyan bukukuwa. Sautin da ke cikinsa an haɗa shi ne daban da wanda aka ji a fili, yakan fito da murya tsirara har ƙananan kurakurai su bayyana, ko kuma ya rage ƙarar jama'a har wasan da ya girgiza fili ya zama kamar ba armashi. Kana iya komawa gare shi domin ka tabbatar da sunan waƙa ko jerin da aka bi ko ainihin kalmomin da aka faɗa, amma kada ka bari ya sauya maka hukuncin da ka yanke kana tsaye a wurin. Idan bambancin ya yi yawa har masu kallo daga gida suna faɗin akasin abin da ka ji, ka ambaci hakan cikin jimla ɗaya ko biyu, ka bayyana dalilinsa. Kafin ka tura rubutun kuma, ka sake duba rubutun sunan kowane mawaƙi da makaɗin da ka ambata, da sunan dandamali, da ranar da aka yi kowane wasa, domin bayan kwana uku na rashin barci ranakun sukan cakuɗe, kuma lokutan da ka rubuta a gefen shafin littafinka su ne za su warware maka su.