Kurakuran da masu ƙera kwafin jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya suka fi yi, da yadda ake gyara su

A Amurka da Ingila da New Zealand akwai mutanen da ke shafe shekaru a gareji suna ƙera jiragen yaƙi irin na 1914 zuwa 1918, kuma su hau su tashi da su. Wani lokacin ma ba su da zaɓi sai kwafin. Jirgin nan mai fiffike uku, Fokker Dr.I, wanda shahararren matuƙin Jamus Manfred von Richthofen ya mutu a cikinsa ranar 21 ga Afrilu 1918, kusan 320 aka ƙera, amma ko ɗaya na asali bai rage ba. Duk wanda ka gani yana shawagi a wurare irin su filin tsofaffin jirage na Old Rhinebeck da ke jihar New York, ƙirar baya ce. Yawancin kurakuran wannan aiki tushensu ɗaya: mutum ya kwafi siffar jirgi bai tambayi abin da ya sa aka yi masa wannan siffar ba.

Babbar matsalar tana wajen inji. Jirage irin su Sopwith Camel da Nieuport da Dr.I suna da wani inji wanda shi kansa yake juyawa tare da farfela, silindojinsa gaba ɗaya, sandar tsakiya ce kawai ke tsaye. Injin yana da nauyi, don haka aka yi wa jiragen gajeren hanci, nauyin gaba da na baya suka daidaita. Yau irin wannan inji yana da wuyar samu kuma yana da tsada, sai mai ƙera ya ɗauko na motar Volkswagen ko wani ƙaramin inji na zamani mara nauyi, ya ɗaura shi daidai inda na asali yake. Daga nan nauyi ya rinjaya wutsiya. Jirgin da wutsiyarsa ta yi nauyi yana yawan ɗaga hanci, kuma idan gudunsa ya ragu ya fara faɗowa yana murɗawa, fitar da shi daga wannan hali sai an yi da gaske. Gyaran ba ya buƙatar wata dabara ta musamman: a ɗora jirgin a kan sikeli uku, biyu ƙarƙashin tayoyi, ɗaya ƙarƙashin wutsiya, a lissafa inda tsakiyar nauyinsa take da matuƙi a zaune, da tanki cike, da kuma tanki saura kaɗan. In ya rinjaya baya, a matso da batir gaba, a ɗan tsawaita mazaunin inji, ko a ƙara dalma a hanci. Wasu ba sa son tsawaita hancin don kada kamannin ya ɓaci. A ganina gara hanci ya ɗan fi na hoto tsawo da a rasa jirgin tun tashin farko.

Akwai kuma maganar farfela, wadda ake yawan mantawa. Injin asali yana juyi wajen 1,200 a minti, yana jan farfela mai tsawon kusan mita biyu da rabi. Injin mota kuwa ba ya ba da ƙarfinsa sai ya haura juyi 3,000, dole a sa masa gajeriyar farfela. Jirgin da ke cike da wayoyi da sanduna da fiffike biyu ko uku iska tana riƙe shi sosai, gajeriyar farfela ba ta jansa yadda ya kamata, ko da a takarda ƙarfin dokin ya kai na da. Sai ka ga jirgi ya ci rabin fili yana gudu kafin ya ɗaga, ya kuma riƙa hawa da ƙyar. Maganin shi ne a sa bel ko giya mai rage juyi don a iya ɗaura doguwar farfela, ko a sayi inji irin na Rotec da ake yi a Ostareliya, mai silinda bakwai ko tara jere a da'ira, wanda ya zo da giyarsa kuma ya cika hancin jirgin kamar na asali.

Masu cewa sai dai inji na ainihi, su ma suna da tasu matsalar. Man zurma yake sha, kuma ba ya dawo da shi, yana fesa shi waje ne, ya ɓata jikin jirgi da tabarau da fuskar matuƙi. Da yawansu ba a iya rage musu wuta a hankali kamar totur na mota. Akwai wani maɓalli a kan sandar tuƙi da ake dannawa a yanke wuta, a saki ta dawo. Ga kuma ƙarfin juyin injin da ke fizgar jirgi, abin da ya sa Camel ya yi suna wajen kashe sababbin matuƙa tun a filin horo. Wanda bai koyi wannan a hannun mai sani ba kada ya gwada shi kaɗai.

Wani kuskuren shi ne bin asali har cikin aibinsa. A ƙarshen Oktoban 1917 fiffiken sama na Dr.I ya ɓalle a sararin sama ya kashe matuƙin Jamus Heinrich Gontermann, washegari haka ta sake faruwa da wani matuƙin, aka dakatar da jiragen duka. Bincike ya nuna aiki ne na gaggawa, danshi ya shiga ya lalata gam ɗin da ya riƙe haƙarƙarin fiffike. Haka Nieuport da Albatros, fiffikensu na ƙasa siriri ne mai ƙashi ɗaya, yana iya murɗewa idan aka sulalo ƙasa da gudu. Jiragen nan an ƙera su ne don 'yan watanni na yaƙi, ba don a gaje su ba. Saboda haka a yi amfani da gam na zamani, a shafe cikin fiffike da banis kafin a rufe shi, a huda ƙananan ramuka da ruwa zai riƙa fita. Katako kuma ba na kanti ba ne. Wanda aka tantance don jirgi ake saya, mai miƙaƙƙen zare, babu ƙulli. Zanen aiki a nemi wanda wasu suka riga suka ƙera da shi suka tashi lafiya, irin na Redfern ko na Ron Sands ga mai son Dr.I. Auna jirgi daga hoto ko daga ƙaramin na roba wasa ne da rai.

Wajen yadi, na da lilin ne da ake shafa wa wani ruwa mai saurin kama wuta. Yanzu yadin roba ake amfani da shi, wanda zafi ke sa shi ya ɗame. Da dutsen guga mai ma'aunin zafi ake bi a hankali, mataki-mataki. Mai gaggawa kan ɗauko bindigar hura zafi, yadin ya ja fiye da ƙima, siraran katakon ciki su lanƙwashe, ko zaren ya ƙone ya saki har abada.

Fenti ba ya kashe kowa, amma yana tona asiri. Kowa sai ya ce ja zai yi kamar na Richthofen, alhali yawancin Dr.I da kore-kore mai zane-zanen buroshi suka fito daga masana'anta. Alamar gicciye da ake zanawa a jikin jiragen Jamus ma ta sauya a farkon 1918, daga mai faffaɗan baki zuwa miƙaƙƙe, don haka a fara zaɓar jirgi ɗaya da wata ɗaya na yaƙin, sannan a buɗe gwangwani.

Sai fili. Jiragen asali ba su da birki, ba su da tayar baya, wata 'yar sanda ce ke jan ƙasa. A makeken filin ciyawa suke sauka, su fuskanci iska duk inda ta fito. A kan kwalta sandar ba ta kama komai, iska ta ɗan buso daga gefe sai jirgi ya juya kamar katantanwa, bakin fiffike ya daki ƙasa. Wanda ba shi da filin ciyawa ya haƙura ya sa birki da 'yar taya a baya, ya kuma sami horo a jirgi mai tayar wutsiya kafin ranar farko. Mai ƙerawa ba dole ne ya zama mai gwajin farko ba. Shekarun da ya yi yana fiƙe katako ba su ƙara masa awa ɗaya a sama ba. A Amurka doka ta ce sai mutum ya yi fiye da rabin aikin da hannunsa, sannan jirgi mai injin da ba a tantance ba yakan yi awa 40 na gwaji a keɓantaccen yanki. A Ingila mai duba aiki daga ƙungiyar masu ƙananan jirage ne ke sa hannu a kowane mataki, kuma yana son ganin cikin fiffike kafin yadi ya rufe shi.