Kurakuran masu fara karanta tsofaffin littattafan hikaya na Hausa

Babban kuskure shi ne tsallake labarin da ya ɗaure sauran labarai. A Magana Jari Ce na Abubakar Imam, da yawa sukan buɗe su zaɓi tatsuniyar da ta yi musu, su bar hirar Aku da Musa ɗan sarki, wai ɓata lokaci ce. To, ai nan ne ginin littafi na ɗaya yake! Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makircin hallaka Musa, shi kuma Aku yana jan yaron da labari don kada ya fita daga fada har gari ya waye. Kowane labari dabara ce ta tsare rai. Wanda ya yanke wannan ya sha romo ya bar nama. Maganinsa: kafin kowane labari ka tsaya ka tambayi kanka, wa ke bayarwa, wa ake ba wa, me mai bayarwar yake so ya hana ko ya jawo? Kuma labari ɗaya a dare ya isa, a karanta shi da murya, don a kunne ake jin daɗin Hausar Imam.

Sai masu cewa "ai sata ce", don sun ji an ɗauko wasu labaran daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Turai. Wannan lalaci ne, ba nazari ba. In ka isa, nemo asalin labari guda, ka ajiye su gefe da gefe, ka duba sunaye, sarautu, karin magana da barkwancin da aka zuba. A nan aikin marubucin yake.

Haka masu auna littattafan gasar rubuta hikaya ta 1933, wadda Bature Rupert East ya shirya, da mudun littattafan soyayya na yau. Ruwan Bagaja yawo ne da ramuwar keta tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe; Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa kuwa labarin bauta ne da ayarin hamada, a natse yake tafiya da gangan. Ka san irin littafin kafin ka yanke masa hukunci.

Kada taƙaitawar jarrabawa ta zame maka littafin. Sunaye kawai za ta ba ka. Littafin Ganɗoki kuwa, kar ka ɗauke shi tarihi zalla: yana farawa da yaƙin Turawa, sannan ya faɗa duniyar aljanu.

Tsofaffin kalmomi irin su zambar, madugu da zango, kada ka tsaya duba kowace ɗaya. Ja mata layi da fensir, ka gama babin, sannan ka nemi biyar ko shida a ƙamus na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, in babu ka tambayi dattijon unguwa.