Ga masu son kai wa miji ko mata ziyara a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kafin ki biya ko sisi, ki tantance me zai kai ki. Idan ziyara ce kawai, bizar baƙo ta yau da kullum ta isa: zama har wata 6, amma ba aiki, ba ɗaurin aure a can. Wadda za a ɗaura wa aure a Ingila tana da tata bizar daban, wadda za ta tare kuma daban.

Ana cike fom ɗin neman bizar baƙo a gov.uk, shafin gwamnatin Birtaniya, daga wata 3 kafin tafiya, sannan ki je a ɗauki hoto da zanen yatsu. Amsa takan fito cikin mako 3.

Wani wuri da ake yawan faɗuwa shi ne takardar banki. Don Allah kada wani ya zuba miki miliyoyi ana gobe za ki nema, jami'an biza za su so sanin asalin kuɗin. Idan maigida ne zai ɗauki nauyi, ya rubuto wasiƙar gayyata, ya haɗo da shaidar izinin zamansa da ta samunsa, ke kuma ki sa takardar aure. Ki nuna abin da zai dawo da ke gida: aiki, shago, karatu.

Kada ejan ya sa ki ɓoye cewa mijinki ne. Ƙarya kan jawo haramcin shiga har shekara 10. Maza ma dokar ɗaya ce.